Kafin Ka Ce Yaran Yanzu Ba Su Da Amana

Duk inda masu shaguna suka zauna hira, a Kantin Kwari ne ko Singa ko Kasuwar Wambai, da wuya a tashi ba a yi kukan yaran shago ba. Wannan ya ce nasa ba ya fitowa sai hantsi ya dubi ludayi. Wancan ya ce nasa kullum idonsa na kan waya, kwastoma na tsaye yana ta sallama. Wani ya ce ya kama nasa yana ɗora wani abu a kan farashi yana sakawa a aljihu. Daga nan sai a girgiza kai a ce yaran yanzu babu amana.

Ƙanena, kai da ka fara juya ɗan jarinka, da ke ƙanwata da kika buɗe shagon ɗinki, ko kike sayar da kaya ta WhatsApp har kin ɗauki mai kai miki saƙo, nan da ɗan lokaci za ku tsinci kanku a wannan majalisa. Ina so in riga ta zuwa kunnenku. Yara marasa amana suna nan, ban musa ba. Amma a yawancin shagunan da na ga sun durƙushe, ubangidan ne bai san ta inda ribarsa take shigowa ba, bai faɗa wa yaro takamaimai abin da yake so ya yi ba, bai kuma yanka masa hakkinsa ba. Da kasuwa ta juya baya, sai aka nemi mai laifi, yaro kuwa shi ne a kusa.

Saboda haka fara da kanka. Cikin duk kayan da ke shagonka, wanne ne yake ciyar da kai? Yawancin masu shago za su nuna maka wanda ya fi tsada, ko wanda ribarsa ta fi kauri a kan guda ɗaya. Mu ƙaddara ka zuba naira dubu 200 a wasu kaya masu ribar kashi 5 cikin ɗari, amma duk mako suna ƙarewa ka sake saro wasu. Ka zuba wata dubu 200 a wasu masu ribar kashi 30, amma sai sun yi wata huɗu kafin su tashi. Na farkon suna ba ka dubu 10 a mako, wato dubu 160 a makonni 16. Na biyun dubu 60 kacal suka ba ka a daidai wannan lokacin, ga su sun cinye maka wuri, sun kwashi ƙura, wataƙila ma yayinsu ya wuce. Mai sayar da sukari da taliya a Singa ya san wannan ko da bai taɓa riƙe biro ba, shi ya sa yake haƙura da 'yar ƙanƙanuwar riba a kan katan. Matashin da ya shigo kasuwa da zafin kai shi ne yake cika shago da kayan burgewa, sannan ya zauna yana gadin kwantai. In kaya suka kwanta maka, karya farashi ka fitar da su ko da uwar kuɗinka kawai za ka tsira da ita. Kuɗin da ke kan kanta ba ya haihuwa.

Shekarun nan sun koya wa 'yan kasuwa wani darasi mai ɗaci. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari a wannan shekarar. Mutane da yawa sun ci gaba da sayar da kaya bisa yadda suka saro, su ɗora 'yar ribarsu, su yi hamdala. Sai da suka koma sari suka ga kuɗin katan goma da suka sayar ba ya sayen takwas. A littafi an ci riba, a kan kanta kuwa kaya sai raguwa suke. Wasu har suka fara zargin yaransu da sata, alhali naira ce ta cinye jarin. Farashin da za ka yi lissafi da shi shi ne wanda za ka sake sarowa gobe. Sai dai ga wani hanzari ba gudu ba: kada ka shiga sahun waɗanda in dala ta tashi kafin azahar sun ƙara kuɗi, in ta sauka kuma sai su zama kurame. Kwastoma ba ya mantawa da irin wannan.

Sai batun aljihunka da akwatin shago. Raba su. Yanka wa kanka albashi kamar yadda za ka yanka wa kowa, cefane da kuɗin makaranta da gudummawar biki da suna duk su fito daga ciki. Na san nauyin da ke kan duk wanda Allah ya ɗan buɗa wa a cikin dangi, kuma ban ce ka rufe hannunka ba. Cewa na yi ka rubuta. Ranar da ka zura hannu a akwati ka zari dubu 20 ka miƙa wa wani ba tare da ka rubuta ba, yaronka yana kallo, kuma abin da ya koya a ranar shi ne kuɗin akwatin nan ba su da lissafi. Haka bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, amma a kasuwarmu in ka jawo littafi sai mutum ya ɓata rai wai ba ka yarda da shi ba. Bar shi ya ɓata ran. Ka kuma ajiye kwafin lissafinka a wani wuri ban da shago, ko da hoto ne a waya. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 ba kaya kaɗai suka lalata ba, duk abin da ke cikin shago ya shafa, har da takardu.

Akwai mutumin da ya kamata kowane matashin ɗan kasuwa ya san yadda ya yi, ba yawan dukiyarsa kawai ba. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, daga zuriyar Agalawa, da fataucin goro ya tashi, a zamanin da ayari yake shafe watanni a hanyar Gwanja da jakuna. Yana cikin na farko da suka lura cewa jirgin ruwa zai kwaso goro daga Accra zuwa Ikko cikin kwanaki, ya bi wannan hanyar tun sauran fatake suna ɗaure wa jakuna kaya. Da titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi saboda Turawa na nemanta, sai ya karkata gare ta, har ya zama babban mai saya wa kamfanin Niger, wanda daga baya ya zama UAC. Ana ba da labarin cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929, a kan raƙuma 20 aka kai masa kuɗinsa na azurfa. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Abu biyu nake so ka ɗauka a nan. Na ɗaya, bai auri goro ba. Abin da ya iya shi ne gane inda kaya suke da araha, da inda ake nemansu, da hanyar da ta fi sauri a tsakani, kuma da hanyar ta sauya sai ya sauya. Gyaɗar ma da ta yi dala a Kano ba ta dawwama ba: fari da cutar da ta afka wa gonaki a shekarun 1970, ga kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati, suka share dalar. Masaƙun Kakuri a Kaduna da na Bompai da Sharaɗa sun rufe ɗaya bayan ɗaya, atamfar Sin ta cika Kwari. Duk abin da kake ci da shi yau, riƙa tambayar kanka me zai iya kashe shi. Na biyu kuma, wanda ya fi shafar maganarmu, Ɗantata ba da hannunsa ya auna gyaɗar nan ba. Wakilai gare shi a garuruwa da ƙauyuka, ana ba su kuɗi su sayo su kawo, a zamanin da babu waya balle taransifa. Mutum ba ya juya irin wannan harka da tsawa ko da sa ido, tunda idonsa ba ya kaiwa can. Dole wakili ya san abin da aka damƙa masa, ya san ranar da za a yi lissafi, ya kuma san akwai rabonsa in harka ta yi kyau.

To kai da yaro ɗaya ko biyu gare ka, me ka yanka musu? A nan ne al'adarmu take da rauni. Uba ya kawo ɗansa ya ce, “Alhaji, ga shi nan, ɗanka ne.” Alhaji ya ce, “Ba komai, Allah ya yi masa albarka.” Shi ke nan an gama yarjejeniya. Kullum a ba shi kuɗin abinci da na mota, da salla a ɗinka masa shadda, in ya yi rashin lafiya a saya masa magani. Babu wanda ya san albashi ne yake ci, koyon sana'a yake yi, ko taimako ake yi masa. In ya tambaya ya zama marar kunya. In ya yi shiru yana ƙirga miliyoyi da hannunsa, ya koma gida ba shi da kuɗin sabulu. Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan a duhu ba, domin sharaɗin ɗaukar mutum aiki shi ne a san aikin, a san ladan, addini kuma ya hore mu da biyan ma'aikaci ba tare da jan rai ba. Gwamnati ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a watan Yulin 2024. Dokar ba ta hau kan ƙananan wurare masu ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma kuɗin kwanon shinkafa da na adaidaita sahu sun hau kan yaronka kamar kowa. In ba za ka iya biyan abin da zai riƙe mutum ba, kada ka ɗauki biyu. Ɗauki ɗaya ka riƙe shi da kyau.

Bayan albashi, a sa masa kamasho, amma a yi hattara da abin da aka ɗora kamashon a kai, domin yaro abin da ake auna shi da shi yake yi. In ka ce za ka ba shi wani abu a kan yawan cinikin da ya yi, zai karya farashi don kaya su fita, ya kuma ba duk wanda ya yi masa murmushi bashi. Ciniki zai yi yawa, kuɗi su yi ƙaranci. Ɗora kamashon a kan kuɗin da suka shigo hannu, ba a kan kayan da suka fita ba, kuma ka sa masa farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba sai ya kira ka. In kuma lokacin fitowa kaɗai kake dubawa, zai riga ka zuwa ya buɗe shago ya share, sannan ya zauna da wayarsa har la'asar, kuma ba ka da ta cewa. A shagon ɗinki, in yawan kayan da aka ɗinka kawai ake ƙirgawa, za a yi ta dawo miki da riguna hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ƙirga har da waɗanda aka dawo da su gyara. Zaɓi abu biyu ko uku da ka tabbata su ne suke kawo maka riba, ka faɗa masa su da bakinka, kada ka bari sai ya yi kuskure sannan ya ji.

Ga yadda tashi daga kasuwa ya kamata ya kasance. Bayan la'asar, kafin a ja ƙofa, a ƙirga tsabar kuɗin da ke akwati a gaban juna. A buɗe waya a bi alat ɗaya bayan ɗaya, ana duba littafi: turmi uku na wance, an gani, yadi goma na wane, ya ce ya tura, bai shigo ba, a sa alama. A haɗa da abin da POS ya nuna. A rubuta abin da aka kashe, har kuɗin ɗan dako da na ruwan leda. Minti 20 ya isa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma waya, ya kuma zo da nasa ramukan: alat na bogi, da yaron da zai ce wa kwastoma, “Tura nan, asusun Oga ba ya shiga,” ya miƙa lambar Opay ɗinsa. Buɗe asusu da sunan shago, liƙa lambar a bango da manyan baƙaƙe, kuma kada kaya su fita sai an ga kuɗi a ciki da ido, ba hoton rasit ba. In yara biyu ne, wanda yake riƙe da makullin sito kada ya zama shi ne mai rubuta abin da ya fita. Wannan tsarin yaron kirki ya fi kowa amfana da shi, domin ranar da wani abu ya ɓace littafi ne zai wanke shi. Ƙidayar kaya gaba ɗaya kuwa, ko ba don komai ba zakka ta wajabta maka ita duk shekara, tunda ba za ka fitar da ɗaya cikin arba'in na abin da ba ka san adadinsa ba. Ni dai da za ka ji tawa, duk wata za ka yi.

Gyara kuma yana da wurinsa. Sau nawa ka ga ubangida yana zazzaga wa yaro a gaban kwastoma, “Kai wane irin sakarai ne? Uban wa ya ce ka sayar haka?” Kwastoma ya sunkuyar da kai, yaro ya haɗiye. Gobe in wani ya zo yana neman ragi, yaron ba zai yanke komai ba, sai dai ya ce Alhaji ba ya nan, ciniki ya wuce shagon gaba. Ka mayar da shi gunki da bakinka, sannan ka dawo kana kukan ba ya taɓuka komai in ba ka nan. Ware lokaci sau ɗaya a mako, bayan an rufe, ku zauna ku biyu. “Satin nan ka karɓo bashin mutum uku, na gani, madalla. Amma sau biyu kaya suka fita ba a rubuta ba. Me ya faru?” Ka yi shiru ka saurara. Wataƙila ya ce lokacin mutane sun yi yawa shi kaɗai ne a shago, ka ga gyaran naka ne. Tambaye shi kuma abin da mutane suke nema ba a samu ba. Shi ne yake tsaye a bakin kanta yana jin “babu kalar nan?” sau goma a rana, kai kana can wurin sari kana sayo abin da ya burge ka. Yabo a gaban mutane ba ya cin kuɗi, amma wasu iyayen gida gani suke in suka yaba wa yaro kansa zai kumbura ya nemi ƙari. In ya cancanta ai sai a ƙara masa.

Ɗan'uwa shi ne mai wuyar sha'ani. Ɗan yayarka in ya makara ba ka iya magana, in ka yi magana kafin ka isa gida ƙara ta riga ka. Tun ran da za a kawo shi, zauna da iyayensa ka ce, “Yaya, a gida ɗana ne, a shago kuwa dokar da ke kan kowa tana kansa. In abin bai yiwu ba zan dawo miki da shi, kada ki ga laifina.” Ɗacin wannan maganar na rana ɗaya ne. Kuma kada ka fifita shi a kan bare da ya fi shi aiki, domin baren yana gani, kuma ran da ya tabbatar ƙoƙari ba ya kai mutum ko'ina a wurinka, ranar zai daina.

Wanda ya kasa aiki a koya masa, a ba shi wa'adi, a sake dubawa. Wanda ya ci amana da gangan, aka tabbatar da hujja ba da zato ba, a biya shi abin da yake bi a sallame shi cikin sirri. Ba sai an tara masa kasuwa ba, ba kuma sai an bar shi yana riƙe da makulli don kunyar wanda ya kawo shi ba.

Saura abin da iyayen gida suka fi ƙin a taɓo, wato yaye. Dubi 'yan kasuwar Ibo da ke Sabon Gari. Yaro yana zuwa wurin ubangidansa bisa sanin shekarun da zai yi, iyaye sun shaida, in wa'adi ya cika a ba shi jari ya buɗe nasa. Su ma ana samun masu saɓa alkawari, amma dai akwai alkawarin da za a ce an saɓa. Mu ma muna da wannan al'ada, manyan 'yan kasuwa da yawa a Kano yaran wasu ne aka yaye. Abin da muka rasa shi ne ranar. Komai sai Alhaji ya ga dama. Sai ka ga mutum ya shekara goma sha a shago, ya yi aure, ya haihu, har yanzu ana ce masa yaro, in ya ɗaga maganar a ce ya yi haƙuri lokaci bai yi ba. Irin wannan ne yake fara yaye kansa a ɓoye, kaɗan-kaɗan, daga cikin akwati.

Ba sai ka jira ka tara abin da za ka ba shi kyauta ba. Fiƙihunmu yana da ƙiradi: kai ka sa jari, shi ya sa ƙarfinsa, riba a raba bisa kason da aka amince tun farko, rabi da rabi ne ko kashi ɗaya cikin uku, ba wani adadi yankakke ba. In an faɗi ba da sakacinsa ba, asarar kuɗi taka ce, shi kuma wahalarsa ta tafi a banza. Fara da kaɗan. Ware masa wani nau'in kaya a cikin shagon, ko ka kama masa tebur a wani layi, ku riƙa lissafi duk wata uku. A nan za ka ga ko ya iya sari, ko ya iya hana bashi, ko yana cin uwar kuɗi. In ya riƙe shekara ɗaya ko biyu lafiya, rabonsa na riba ya zama jarinsa.

Na san abin da ke ranka: zai tafi da kwastomominka. Wasu za su bi shi, gaskiya ne, musamman waɗanda shi suka saba gani. Amma zai buƙaci wurin sari, kuma babu wanda ya san shi kamar kai, saboda haka mai yiwuwa ya zama babban mai sayen kayanka. Yaran da suka rage a shago kuma sun ga da idonsu inda hanyar take kaiwa. Tun a watan farko da ka ɗauki yaro, kira mahaifinsa ko wanda ya tsaya masa, da shaidu biyu daga cikin maƙwabtan shago, a rubuta albashinsa, da kamashonsa, da shekarar da za a zauna maganar yaye, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.